Kebur ɗin da ya haura katanga

Bari in lissafa muku abin da ke cikin motar a ranar, don ku san ba a kan banza na rufe shago na bar ciniki ba. Akwai kwalaben rigakafin awaki da tumaki da za su ishi ƙauyuka shida, mata sun riga sun biya tun kafin a sayo su. Akwai ƙaramin firji da ke riƙe da su. Akwai manyan batura biyu a ƙarƙashin gado. Akwai inbata ɗaya wadda ni na zaɓa, ni na sayar, ni na ɗaura da hannuna, na kuma ce wa mai motar a gaban mutane in ta ba shi kunya ya dawo mini da ita. In firjin ya tsaya magani ya mutu. In magani ya mutu a kan kayana, ba ni da sauran bakin magana a kasuwannin da nake ci, daga Minjibir har Makoda.

Ina ba da labarin nan ne saboda ku samarin da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku aikin inbata kafin Salla. A ganinku ja ne da baƙi kawai: ja a nan, baƙi a can, ka danna makunni, wuta ta kawo, ka karɓi kuɗi. Da haka ne da kowa ya zama dila. Inbata aikinta ɗaya ne, ta karɓi wutar batir ta mai da ita irin wutar gida. Ba ta haihuwar wuta. Abin da ke cikin batir shi take rabawa, kamar mai awo da buhu guda. In aka yi ta miƙo kwano, buhu zai kwanta. Da yawa daga masu saye ba su yarda da wannan ba, kuma babban aikin dila shi ne ya sa su yarda tun kafin su biya.

Aikin farko da aka ba ni a wajen maigidana, Malam Iro mai cajin batir a Minjibir, shi ne wanke kan batir da ruwan kanwa in farin gishirin nan ya taru a kai. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni na riƙe sifana. Ruwan batir ya cinye mini riguna har innata ta daina ɗinka mini sababbi. Malam Iro bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. In an kawo kaya sai ya ce in ɗaga, in na ɗaga ya tambaye ni me na ji. Da haka na gane cewa inbatar kirki nauyi gare ta, domin tagulla ce a ciki, wadda kuma aka rubuta wa lamba mai girma amma ka ɗauke ta da yatsa biyu, rubutun ne kawai ka saya. Abu na biyu da na ɗauka a hannunsa, in an gama haɗi ba a tafiya. A bar kaya su yi aiki, sannan a bi kowane kebur da bayan hannu. Kebur mai zafi yana faɗin abin da mai kaya bai faɗa ba. Har yau jakata ba ta wuce mita mai tsinke biyu ba, da mita mai baki wadda ake kama kebur da ita ta nuna yawan wutar da ke bi, da filaya, da sukuddireba, da sifana, da dalma, da fis manya da ƙanana a gwangwanin madara.

A shekarar da jabun batir ya cika kasuwa na koyi cewa nauyi ma yana ƙarya. Lokacin na buɗe shagon kaina, ina ganin na iya. Na sari kaya masu yawa a hannun wani mutum a birni, nauyinsu daidai, kwalinsu daidai. Kafin damina ta ƙare suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya a bayan babur. Da na fasa guda na tarar da yashi a ƙulle cikin leda, a inda ya kamata dalma ta zauna. Wanda ya sayar mini ya yi ɓatan dabo. Na sayar da gonar da na saya da gumina, na mayar wa kowa kuɗinsa. Kuɗi sun koma, amma suna bai dawo da wuri ba. Shekaru bayan haka in na wuce sai a ce ga Habu mai batirin yashi. Da wasa ake faɗa, amma irin wasan da ake tunawa in an zo ciniki.

Motar Malam Tukur ita ce aikina na farko a motar da mutum ke kwana a cikinta. Malam Tukur malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, kowa Likita yake ce masa. Da kuɗin sallamarsa ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujeru, ya sa kafinta ya yi masa gado da akwatin magani, ya ajiye risho da buta da darduma. Nufinsa ya riƙa sauka a ƙauye guda kwana da kwanaki, yana zagaya na kewaye a ƙafa ko a babur ɗin aro yana yi wa dabbobi allura, ba sai ya koma gida kullum ba. A ƙasarmu gona ta haɗe da gona, ba dajin kiwo, akuya a ɗaure take a gida duk damina. Kuma ita ce asusun mace, ita ce kuɗin asibiti, ita ce ta fid da kunya in baƙo ya zo. Ciwon nan mai sa su majina da zawo in ya shiga gari yakan share turke kaf.

Ya zo mini da hoton wata inbata da ya gani a wani shago, lambarta ta fi tawa girma, kuɗinta rabin nawa. Na ce ya bar lamba tukuna, ya faɗa mini abin da zai kunna. Ya ce firji, da fanka, da ƙwan lantarki biyu, da cajin wayarsa. Na ce masa firji ƙarami ne a takarda, amma duk sanda injinsa zai tashi yakan fizgi wuta ninki ba ninki na ɗan lokaci, kamar jaki da ya fi shan wuya a tashin farko da kaya. Inbatar da ba ta da rarar ƙarfi a nan take sarewa. Sannan inbata iri biyu ce. Mai arha wutarta a kakkarye take fita; ƙwai ba ruwansa, zai kama, amma injin firji sai ya yi ta gurnani yana zafi har wata rana ya ƙone. Mai tsada wutarta santsi gare ta irin ta gari, ita ce abin da inji ke so. Ya ja da ni a kan kuɗi har aka kira azahar. Da zai biya ya riƙe kuɗin a hannu ya ce:

"Habu, in ta ba ni kunya fa?"

"Ka dawo mini da ita, Likita, ka kuma faɗa a kasuwa."

Masu shan shayi a gefen shagona duk sun ji.

Haɗin ya ci mini yini. Na ware baturan firji daban da batirin tashin mota, don kada ya wayi gari a inda ba masu turi firji ya shanye masa na tashi. Na sa kebur mai kauri, gajere, tsakanin batir da inbata, domin a nan wuta ta fi yawa, siriri kuma wuta yake kamawa. Na sa babban fis dab da kan batir, wanda zai tsinke in wuta ta yi yawa. Ita inbatar na ɗaure ta a inda iska ke ratsawa, nesa da risho, na gargaɗe shi kada ya jibga mata bargo ko buhu. Na shimfiɗa farantan sola a rufi, na kuma haɗa yadda in mota na tafiya injinta zai riƙa ƙara wa baturan. Lissafina da rara na yi shi, yadda ko hadari ya rufe rana firji ba zai ji ba. Shi kuma Likita ya liƙa ma'aunin sanyi a jikin firjin, fuskarsa a waje, tsinkensa a ciki, ya nuna mini lambar da in aka haye ta magani ya tashi aiki. Ya ce abin tsoron shi ne maganin ba ya canza kala, ba ya wari. Ka yi allura, mai akuya ta yi maka godiya, alhali ruwa ka zuba mata.

Ya yi wata da watanni yana yawonsa lafiya, har na daina tunawa da shi.

Kiran ya zo da hantsi, tsakiyar bazara, ranar da shago ya cika. Gaisuwar ma a tsaye ya yi ta. Ya ce inbata tana kuka tana ɗaukewa safe da yamma, ya dawo daga zagaye ya tarar da firji a kashe ba sau ɗaya ba, ga shi bai taɓa sayo magani mai yawan na wannan karon ba. Ya ce wasu a garin sun tambaye shi wa ya sayar masa da kayan, da ya faɗa sai suka kalli juna. Na ɗora cikakken batir guda a bayan motata, na ɗauki jaka, na kama hanya.

Ƙauyen yana arewa da Makoda, ba zan faɗi sunansa ba. Na iske bas ɗin a ƙofar gidan mai unguwa, Malam Garba, ƙarƙashin wata ƙatuwar darbejiya inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. Shi ya sauki Likita, daga gidansa ake kawo masa tuwo, kuma shi ke aika wa sauran ƙauyukan su fito da dabbobi. Dole na durƙusa na gaida kowa, ya gajiya, ya iyali, ya zafi, kunnena kuwa yana cikin mota.

Da na shiga na sa mita, baturan sun yi ƙasa ƙwarai, amma firji yana aiki da kyar. Na bi haɗina ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya kwance, ba abin da ya yi tsatsa, fis lafiya. Na fito na ɗaga kai, sai na ga ganye ya rufe farantan sola gaba ɗaya. An ba baƙo wuri mafi daraja a gari, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Na ce a matsar da mota rana. Mai unguwa ya tambaya ko inuwarsa ce ba ta yi ba, Likita ya yi ta ba shi haƙuri yana bayani, daga ƙarshe aka yarda. Ana cikin matsarwa wani dattijo ya ce a yi hankali da kebur.

A nan na gan shi. Siririn farin kebur ne, irin na kasuwa, ya fito ta tagar mota, ya bi ta reshe, ya haura katangar gidan ya faɗa ciki. Ba ni na sa shi ba. Likita ya ce matan gidan ne ke cajin waya, tun ranar da ya sauka suka aiko, garin ba wuta, kuma ba ka cin tuwon mutum ka hana iyalinsa cajin waya. Na kama kebur ɗin da mita mai baki. Abin da ke bi bai taka kara ya karya ba. Na taɓa, sanyi. Na ce wannan ba komai.

Rana ta bugi farantan, lamba ta fara hawa a hankali. Likita ya saki fuska, ya ce ashe inuwa ce. Ni ma na so in yarda, na ma fara tattara jaka. Amma lissafin bai zauna mini ba. Inuwa tana hana batir cika, ba ta sa ya zube lokaci guda safe da yamma. Na ce zan tsaya in yi la'asar da su.

Muna fitowa daga masallaci, tun daga nesa na ji fankar inbata tana gudu kamar za ta tashi sama. Na shiga da sauri. Lambar batir tana sauka a gaban idona. Firji ya yi ƙoƙarin tashi, ya yi ƙas, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Ma'aunin sanyi saura ƙiris ya kai lambar da Likita ya nuna mini. Na kai bayan hannu kan farin kebur ɗin nan, na janye. Ya yi zafi har robarsa ta yi laushi.

Na miƙa hannu zan zare shi daga soket, Likita ya riƙe mini wuyan hannu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce mai unguwa da dattawa suna kallonmu ta ƙofar mota. In na fizge kebur ɗin gidansa a gabansu, daidai yake da in ce iyalinsa sata suke yi. Gobe ba mai fito da akuya, a nan ko a sauran ƙauyukan, maganin da muka ceto sai dai mu sha. Ya ce in je in yi magana. Na ce to ya tayar da mota, ya yi. Ya ɗan rage saukar, bai tsai da ita ba. Injin mota yana zubawa da cokali, ana kwashewa da ludayi.

Na je na durƙusa gaban Malam Garba, na ce ranka ya daɗe, ina roƙon a duba abin da aka sa a ƙarshen kebur ɗin nan, domin ba waya ba ce.

"Waya suka ce mini," in ji shi. "Ni ban shiga ɗakin mata na ƙirga musu kaya ba."

Wani dattijo mai carbi ya gyara zama ya ce, "Ko dai batirin ne irin na wancan karon, Malam Habu?"

Aka yi 'yar dariya. Na ce, "Baba, ga kebur ɗin nan kusa da kai, taɓa."

Ya taɓa, ya janye hannu yana yarfewa.

Ni ba ni da hanyar ganin ƙarshen kebur ɗin. Baƙon namiji ba ya wuce zaure. Mai unguwa kuma ya kalli ƙasa ya ce akwai mai jego a gidan, ta zo haihuwa gida. Bai faɗi sunanta ba, daga nan na gane 'yar farinsa ce, kuma ko kusa da sashen da take ba zai taka ba, balle ya tambayi abin da take yi. Ya tashi ya tsaya a bakin zaure ya kira yayarsa, Gwaggo Ladi, wadda ke kula da jegon.

Ta ɗauki lokacinta. Ina tsaye a zaure ina jin inbata ta fara kukanta na gargaɗi, ɗaya, shiru, ɗaya, shiru. Can ta fito, gajeruwar tsohuwa, hannunta a jiƙe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai wutar?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To wutarka ba ta da ƙarfi. Tun ɗazu ruwan ya ƙi tafasa."

Ashe mijin yarinyar ne ya aiko da hita daga birni, irin mai zobe da ake tsomawa a ruwa. Gwaggo ke tsoma ta a babban baho safe da yamma don wankan jego. Ta ce itace ya yi tsada, kowace bishiya a nan da mai ita, kara kuma ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Ga wuta a ƙofar gida tana zaune, ba hayaƙi, ba toka. Ita a wajenta ba ta ɓoye komai ba, ba wanda ya tambaye ta ne.

Na ce mata abin da firjin Likita zai sha yini guda, hitar nan tana shanye shi kafin tukunyar shinkafa ta nuna, kuma yanzu haka maganin yana gab da lalacewa. Na roƙe ta ta cire.

"Mai jego ba ta fashin wanka. In ta kumbura kai za ka yi jinya? Saura kaɗan ya tafasa."

"Gwaggo, awaki nawa gare ki?"

"Ba a ƙirga wa baƙo dukiya."

"To maganinsu yana cikin motar can, kin biya kuɗinsa."

Ta leƙa ta bayan kafaɗata ta kalli bas ɗin, ta ga Likita tsaye a ƙofa ya kafe ma'auni da ido. Sannan ta ce ruwan fa. Na ce itacen a wuyana.

"Har arba'in?"

"Har Likita ya tashi daga garin nan."

"Itacen marke fa, ɗan nan. Kada ka kawo mini jiƙaƙƙen reshe."

Na ce marke. Ta juya ta shiga, ba sauri. Ba ta kai ga bahon ba inbata ta yi dogon kuka ta ɗauke. Fanka ta tsaya, firji ya yi tsit.

Na ruga motata na cicciɓo batirin da na zo da shi. Baturan Likita sun faɗi ƙasa da inda za su iya tayar da komai, in kuma na haɗa nawa da su za su shanye shi su bar ni da uku matattu. Dole na kwance su na ware, na sa nawa shi kaɗai. Wurin matsattse ne, ƙarƙashin gado, ƙarfe ya yi zafi, gumi yana shiga mini ido, sifana tana zamewa. A irin wannan wurin ake kuskure: sifana ta taɓa kai biyu lokaci guda, ka rasa yatsa ko ka rasa mota. Na naɗe ƙotarta da tsumma na yi a hankali, duk da komai na cewa in yi sauri. Na ɗaure, na kunna inbata, ta kawo. Likita ya ce in sa firji. Na ce a'a, injin da ya tsaya yanzu ba ya tashi nan take, in aka matsa masa fizga zai yi ya sake kashe mu. Muka zauna muna kallon ma'auni yana hawa. Ya taɓa lambar. Ya haye ta. Likita yana ta salati a hankali, ni ina kallon mita. Da na ga injin firjin ya huta na sa shi. Ya yi ƙas, ya girgiza, ya kama.

Ba wanda ya buɗe ƙofar firjin sai da sanyi ya dawo. Sannan Likita ya wanke hannu ya buɗe sau ɗaya. Kwalaben da ke ƙasa, tsakanin robobin ƙanƙara, da sauran ƙanƙara a jikinsu, ya bar su. Na sama da na jikin ƙofa ya kwashe su a tire. Ya ce ba na yau kaɗai yake dubawa ba, waɗannan sun sha zafi a kwanakin baya ma, ba zai sa allurarsu a jikin dabbar kowa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne na maganin.

Dattawa suka matso suna kallo, wani ya ce ai kamar ba abin da ya same su. Malam Garba, wanda tun maganar Gwaggo bai ɗago kai ba, ya ce tunda daga gidansa abin ya fito, a yi wa dabbobin gidansa da waɗannan, a bar masu kyau wa sauran jama'a.

Likita ya ce, "Ranka ya daɗe, in na yi haka ban yi musu komai ba, kuma za ka kwana kana ganin an yi. Gara ka san ba a yi ba."

Ya ari fartanya, ya haƙa rami a bayan gari, ya fasa su ya binne.

Kafin magariba na yi abin da tun daga ranar ba na sallamar motar kwana sai da shi. Na fitar da soket guda a jikin mota ta waje, na ba shi layinsa daban, na sa masa ƙaramin fis. Waya, tocila, rediyo, duk zai ɗauka. Aka sa hita ko dutsen guga, fis ya tsinke da kansa, firji bai ma san an yi ba. Na ba Likita fis cike da tafin hannu. Na ce daga yau ba kai za ka hana ba, kuma ba sai ka tambayi abin da ke bayan katanga ba. In sun aiko wuta ta ɗauke, ka ce inji ne ya ƙi, ka ba da haƙuri, ka canza fis. Na mayar da farin kebur ɗin a sabon soket a gaban mai unguwa, da hannuna, don kowa ya ga ba a yanke wa gidan wuta ba.

Shi ya sa in mutum ya zo sayen inbatar mota nake tsare shi da tambayoyin da kuke gani kamar ba su shafi ciniki ba. Abin da zai kunna shi ne mafi sauƙi. Ina zai tsaya, tuwon wa zai ci, wa zai aiko masa bai iya cewa a'a ba, waɗannan su ne lodin da ba a rubuta a kwali.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Ƙauyuka huɗu sun sami allura a wannan zagayen, har da na Malam Garba. Biyu ba su samu ba. Likita ya je da kansa ya faɗa wa matan gaskiya, ya ce su jira ya sayo wani da kuɗinsa. Cikin baturansa biyu ɗaya ya farfaɗo, ɗaya bai ƙara riƙe wuta ba. Bisa ƙa'ida ba a wuyana yake ba, amma na bar masa nawa a madadinsa a rabin kuɗi. Na rasa cinikin yini guda, na sayi marke kaya huɗu, Gwaggo ta mayar da ɗaya ta ce ɗanye ne. Inbatar ba a dawo mini da ita ba, tana aiki har yanzu, kuma ta dalilin Likita na ɗaura wa wasu motoci uku. Ta ɓangarena ban faɗi ba.

Kafin sabon magani ya iso ruwa ya sauka, ciwon ya shiga ɗaya daga cikin ƙauyuka biyun nan. Likita ya bi gida-gida ya ƙirga abin da ya mutu. Bai faɗa mini adadin ba, ni kuma ban tambaye shi ba.